Wata Cikin Rariya: Azumin Matan Indiya da Alƙalamin Marubucin Hausa

Gabatarwa

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibinmu, wanda yanzu yake taya mahaifinsa tsaron shago a nan kasuwar Illela, ya kawo mana labarin da ya rubuta cikin littattafan rubutu guda uku, ya ce mu duba masa kafin ya nemi inda za a buga. Yaron yana da baiwa, Hausarsa tana da zaƙi, ya kuma san inda ake jan zare da inda ake yanke shi. To amma da muka kai babi na tara sai muka yi turus. Tauraruwar labarin, Bahaushiya 'yar Illela, 'yar malamin makarantar allo, ta wuni ba ci ba sha saboda saurayinta ya tafi fatauci Agadas, an kwana biyu babu labarinsa. Da dare ya yi ta hau soro, ta ɗauki rariyar tankaɗen gari, ta dubi jinjirin wata ta cikinta. Tana juyowa sai ga saurayi tsaye, ta dube shi ta cikin rariyar, ya miƙa mata ruwa ta sha.

Muka kira shi muka ce, "Ɗana, wannan rariya daga ina ta fito?" Ya ce, "Wallahi Malam a fim na gani, ya kuwa ba ni tausayi ƙwarai." Muka ce, "To me rariyar take nufi?" Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, can ya ce, "Allah gafarta Malam, ai so ne."

Wannan amsa ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Abin da yaron ya gani azumi ne na mabiya addinin Hindu, mai suna da rana da ƙa'idoji da tarihi. Nufinmu a wannan ɗan tarke shi ne mu bayyana azumin kamar yadda masu shi suke yin sa, mu duba yadda finafinan Indiya suka sarrafa shi, sannan mu ga darasin da ke ciki ga marubucin ƙagaggun labarai na Hausa.

Azumin Karwa Cauth

Sunan azumin Karwa Cauth. "Karwa" wata 'yar tukunyar ƙasa ce mai baki kamar buta, "cauth" kuwa tana nufin rana ta huɗu, wato kwana na huɗu bayan cikar wata, a cikin watansu na Kartik, wanda yakan faɗo cikin Oktoba ko farkon Nuwamba. Alal misali a 2023 an yi shi ranar 1 ga Nuwamba, a 2024 ranar 20 ga Oktoba. A lissafinmu wannan dare yakan zo wajen 18 ko 19 ga wata, lokacin da wata ya fara raguwa, yake kuma makarar fitowa har sai dare ya ɗan yi. Ke nan tun daga nan ɗalibinmu ya yi tuntuɓe, domin babu jinjirin wata a daren Karwa Cauth.

Matan aure ne suke yin sa, musamman a arewacin Indiya: Panjab, Haryana, Rajastan, Uttar Pradesh da birnin Delhi. A kudancin ƙasar ba al'adar gado ba ce. Manufarsa roƙon tsawon rai da lafiya ga miji. Kafin fitowar rana mace za ta ci wani abinci da suke kira "sargi", wanda a Panjab uwar miji ce take haɗa shi ta ba surukarta. Daga nan babu ci babu sha har wata ya fito. Da yamma matan unguwa sukan yi lalle, su sa tufafi da awarwaro irin na ranar aurensu, su zauna da'ira, suna miƙa wa juna farantai na kayan ibada, wata dattijuwa tana ba su labarin asalin azumin. Idan wata ya fito, mace za ta dube shi ta cikin rariya, ta zuba masa ruwa a matsayin sadaukarwa, ta juyo ta dubi mijinta ta cikin rariyar, shi kuma ya ba ta kurɓin farko da lomar farko da hannunsa.

Labarin da dattijuwar take bayarwa shi ne zuciyar al'amarin. A ruwayar da ta fi yawo, wata amarya ce mai suna Birawati, ita kaɗai mace cikin 'yan'uwa maza bakwai. Ta yi azuminta na farko a gidan iyayenta, ƙishirwa ta galabaitar da ita, 'yan'uwan suka kasa jure ganin halin da take ciki. Sai suka rataya madubi a kan bishiya, a wata ruwayar kuma fitila suka sa a bayan rariya, suka ce mata ga wata nan ya fito. Ta yarda, ta buɗe baki. Ba ta gama cin abinci ba sai ga saƙon mutuwar mijinta. Bayan doguwar wahala da sake azumin bisa ƙa'ida aka mayar mata da shi. Mai karatu zai lura cewa wannan tatsuniya ce ta gargaɗi: tausayin 'yan'uwa ne ya jawo musiba, kuma watan ƙarya ya fi ƙishirwa illa.

Yadda Fim Ya Sarrafa Azumin

Mu da muka tashi a garuruwan bakin iyaka mun san finafinan Indiya tun muna 'yan yara, a gidajen kallon bidiyo, inda ake biyan 'yan kwabbai a zauna kan benci. Ba mu jin yaren, sai dai wani da ya riga ya kalla sau biyar ya riƙa ba mu bayani daga baya. Abin da ido ya gani shi muka ɗauka, abin da baki ya faɗa ya wuce mu. Ko bayan da masu fassara irin su Algaita suka fara juya finafinan zuwa Hausa, magana suka fassara, al'adar da ke bayan maganar tana nan a rufe.

Fim ɗin da ya fi kowanne fito da wannan azumi shi ne Dilwale Dulhania Le Jayenge na Aditya Chopra, wanda ya fito ranar 20 ga Oktoba, 1995. Simran, wato Kajol, an yi mata baiko da Kuljit ɗan aminin mahaifinta, alhali zuciyarta tana wajen Raj, wato Shah Rukh Khan. Ranar azumi ta zo. Bisa al'ada Kuljit ne zai ba ta ruwa. Sai ta yi suman ƙarya a gaban jama'a, Raj ya rugo ya ɗura mata ruwa kamar mai ceton rai. Duk gidan sun ɗauka taimako ne, amma ita da shi da mai kallo sun san abin da ya faru: wanda ya ba ki ruwan nan shi ne mijinki. Daga baya kuma ta gano cewa shi ma bai sa komai a bakinsa ba tun safe.

A nan dole mu yaba wa marubucin. Bai sa Simran ta tsaya gaban mahaifinta tana jawabin soyayya ba. Ya nemo wata ƙa'ida da kowane ɗan Panjab ya sani, ya sa yarinyar ta yi tawaye ta cikin ƙa'idar, ba tare da ta karya ta ba. Kurɓin ruwa guda ya yi aikin da shafi goma na zance ba zai yi ba. To amma akwai abin da fim ɗin ya zubar. Gargaɗin Birawati ba shi da wani nauyi a ciki, tsoron mutuwa ya koma ado da murmushi da hasken fitilu. Finafinan da suka biyo baya, irin su Hum Dil De Chuke Sanam na 1999 da Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, sun ƙara wa abin gishiri, har azumin ya zama dalilin rawa da waƙa da nuna gwala-gwalai.

Wanda ya dawo wa azumin da nauyinsa, a ganinmu, shi ne Baghban na Ravi Chopra, 2003. Amitabh Bachchan da Hema Malini tsofaffi ne da 'ya'yansu suka raba su, uba a gidan wannan ɗa, uwa a gidan wancan. Daren azumi ya zo, babu rariya tsakaninsu sai wayar tarho. Tsohon ya duba bai sami abincin da aka ajiye masa ba, sai ya riƙa ƙwanƙwasa cokali a faranti wayam don matarsa ta ji ta ɗauka yana ci. Ga al'ada guda, amma jigo ya sauya: a fim na farko ta bayyana zaɓin budurwa, a wannan ta tona asirin 'ya'ya marasa jinƙai. Marubucin da ya san al'ada ciki da bai yana iya ɗora mata kaya iri-iri ta ɗauka.

Akwai kuma wani fim da ya kamata marubuta su sani, ko da yake wani azumin ne daban. A 1975, shekarar da Sholay ya fito, an yi wani ƙaramin fim mai suna Jai Santoshi Maa. Labarin wata matar aure ce da matan 'yan'uwan mijinta suka gallaba, ta ɗauki azumin Juma'a goma sha shida, wanda a cikinsa ba a cin abu mai tsami, ana kuma sadaukar da mazarƙwaila da gasasshen wake irin nasu. Kafin fim ɗin wannan ibada ba ta daɗe da bayyana ba, 'yan ƙananan littattafai ne suke yaɗa ta. Bayan fitowarsa mata suka rungume ta a faɗin ƙasar, har masu kallo suna tuɓe takalma a ƙofar silima suna watsa furanni da kwabbai ga majigi. Shi ma Karwa Cauth, manazartan Indiya sun sha nuna cewa fim da talabijin da 'yan kasuwa sun kai shi yankunan da da ba a yin sa. Ashe labari ba ya tsayawa ga nuna al'ada, yakan shuka ta. Wannan kaɗai ya isa ya sa marubuci ya yi hattara da abin da yake zubawa a kunnen matasa.

Tsoron Da Ke Ƙarƙashin Rariya

Tambayar da ɗalibinmu bai yi wa kansa ba ita ce: me ya sa mace za ta wuni da ƙishirwa don kada mijinta ya riga ta mutuwa? Amsar tana cikin matsayin matar mamaci a tsohuwar al'adar Hindu, musamman a manyan gidaje. Idan miji ya mutu, akan fasa mata awarwaro, a goge jan garin da take sawa a tsagar gashinta, ta koma farin zane, a riƙa guje mata a wuraren biki. Sai a 1829 gwamnatin Turawa ta hana ƙona mace tare da gawar mijinta, sai kuma a 1856 doka ta halatta wa matar mamaci sake aure, bayan fafutukar Ishwar Chandra Vidyasagar. Doka ta sauya, amma zukata sun yi jinkiri; garin Birindaban ya shahara da dubban irin waɗannan mata da suka ƙare rayuwarsu a can. A ɗaya ɓangaren kuma, dokar auren Hindu ta 1955 ta hana namiji auren mace fiye da ɗaya. Saboda haka a idon al'ada, ran miji shi ne adon mace da mutuncinta da wurin zamanta. Wannan ne ma ya sa wasu matan Indiya na zamani suke sukar azumin, suna tambayar dalilin da ya sa ƙishirwar ta zama ta mace ita kaɗai, wasu mazan kuma suka fara taya matansu.

Yanzu mu dawo gida. Bahaushiya idan mijinta ya rasu takan yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta fita, ta yi kitso da lalle, manema su zo. Mutuwar miji babban rashi ce, amma ba ta rufe mata ƙofar duniya. Abin da yake hana Bahaushiya barci daban ne: takardar saki, da shigowar kishiya, da makomar 'ya'yanta idan ta bar gidan. Bugu da ƙari, a wajen Musulmi azumi na Allah ne shi kaɗai, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa mace ba ta yin na nafila mijinta yana gari sai da yardarsa. Ke nan 'yar malamin allo da ta ɗauki rariya ta fuskanci wata saboda saurayi, ta aikata abin da ba shi da gurbi a tsoronta, ba shi da gurbi a imaninta. Mai karatu na Illela zai yi dariya a wurin da marubuci ya so ya yi kuka, idan ma bai yi tir ba. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Kada a ɗauka muna haramta aro. Wannan muhawara tsohuwa ce. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan soyayya da sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, Baturen nan Brian Larkin kuma ya yi nazari a 1997 kan alaƙarsu da finafinan Indiya. Abin da muke son tunatarwa shi ne, shi kansa Abubakar Imam ya yi aro. Manazarta sun nuna cewa akun da ke ba da labari a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, yana da kakanni a tsofaffin labaran Indiya da Farisa, wasu labaran kuma daga Larabawa da Turawa suka zo. Sai dai Imam ya tuɓe musu rigunansu, ya sa musu rawani da babbar riga, ya zaunar da su a fada da kasuwa da zaure, har Bahaushe ya rantse a unguwarsu aka yi abin. Ya ari ƙashin labari, naman kuwa daga gida ya samo. Marubutanmu na yau da yawa sun juya abin: sukan kwaso fata su bar ƙashi.

Namu Watan

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, ɗalibin nan yana zaune a kan taska bai sani ba. Idan jiran wata yake nema, wa ya kai mutumin Illela sanin sa? Tsakaninmu da Birnin Ƙwanni 'yar tafiya ce a kan babur, dangi ɗaya, harshe ɗaya, auratayya ɗaya, amma mu muna sauraron sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi daga Sakkwato, su kuma suna sauraron ta Yamai. A 2022 Nijar ta yi ƙaramar Sallah ranar Lahadi 1 ga Mayu, Nijeriya ta yi ranar Litinin 2 ga wata. A ɗauko amarya 'yar Ƙwanni da aka kawo Illela, azuminta na farko a gidan miji. Ranar Lahadin nan tana ɗauke da azumi na talatin tare da surukanta, sai ga ƙanenta da hantsi ɗauke da tuwon Sallah daga wajen mahaifiyarta, da saƙon cewa yau haramun ne a yi azumi. Uwar miji tana zaune a tsakar gida tana kallo. Ta ci, ko ta mayar? Ga Birawati ta Hausa nan, ga 'yan'uwa masu tausayi, ga tambayar wane wata ne na gaskiya, kuma babu buƙatar rariya.

Idan rabuwa yake nema irin ta Baghban, an rufe wannan iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Magidanta nawa ne kayansu suka maƙale a wancan gefe, matansu suna buɗe baki da kunun kanwa babu ƙosai a wannan gefe? Idan kuma alamar so yake nema wadda ba ta buƙatar jawabi, ga kayan shan ruwa da saurayi yake aikawa gidan surukai: wanda ya aika buhun gero da katan na sukari, da wanda ya aika mudu biyu cikin kunya, da yadda uwar yarinya take karɓar kowanne. Ga rabon girki tsakanin kishiyoyi a watan azumi, da wadda maigida ya fara kurɓar kununta. Ga amaryar da aka ɗaura aurenta gab da azumi, wadda matan unguwa suke raɗa cewa girki aka kawo ta yi. Ga dattijon da likita ya hana shi azumi, yana ɓoye cin abinci daga jikokinsa. Kowanne daga cikin waɗannan yana da ƙa'idar da mai karatu ya sani, saboda haka ɗan motsi kaɗan ya isa ya girgiza shi.

Muna da shaida cewa wannan hanya tana kaiwa nesa. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara saboda sabuwar amarya. Tsoron Bahaushiya ta rubuta, tsagwaronsa. A 2012 Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, kamfanin da ya buga shi kuwa shi ne Blaft, a birnin Cennai na ƙasar Indiya. Mutanen da muke kwaikwayo, da suka tashi neman littafinmu, wanda ya yi kukan gidansu suka ɗauka.

Kammalawa

A taƙaice, Karwa Cauth ibada ce ta wata al'umma, mai tushe a imaninsu da tarihin matansu, kuma ta cancanci a fahimce ta a haka, a bar wa masu ita kayansu cikin mutunci. Abin da ya halatta mu ɗauko daga finafinan shi ne dabarar: nemo al'adar da jama'a suka sani, a sa tauraro cikin tsaka mai wuya a kanta, a bar aikinsa ya yi magana. Shawararmu ga matasan marubuta ita ce, duk lokacin da wata fitowa ta fim ta taɓa zuciyarku, ku tambayi kanku abu uku kafin ku kai alƙalami takarda: me mutanen nan suke tsoro, wace ƙa'ida ce ta ɗaure su, kuma mene ne takwaran wannan a tsakar gidanmu?

Ɗalibinmu ya karɓi littattafansa ya tafi ransa a ɗan ɓace. Bayan mako uku ya dawo da babi na tara sabo. Yarinyar tana nan, saurayi yana Agadas, amma yanzu ranar jajiberen Sallah ce, ta zuba kunu a kwanon da ta saba aika masa, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin zaure, mahaifinta malamin allo ya zo wucewa ya gani, ya kawar da kai kamar bai gani ba. Rariya ta koma madafa inda ta fi amfani. Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, ya sa mu ga gyaran junanmu da kyakkyawar zuciya, amin.